Iten, garin ƴan tsere: abin da ƙafa ke nema ga takalmi da agogo

A yammacin ƙasar Kenya, bisa gaɓar wani dogon tsauni, akwai ɗan ƙaramin gari na manoma da makiyaya mai suna Iten. Ba shi da ma'adini, ba shi da babbar masana'anta, amma sunansa ya kai duk inda ake gudun yada ƙanin wani. A can gudu sana'a ce kamar fatauci ko aikin gwamnati, takalmi kuwa jari ne. Saboda haka da wuya a sami wurin da ya fi shi dacewa da amsa tambayar da ma'aikaci ko ɗan kasuwa yake yi wa kansa ranar da likita ya umurce shi da motsa jiki: wane takalmi, wane agogo, kuma nawa ya kamata a kashe?

Hanyar Iten

Mai zuwa Iten daga Nairobi yakan fara sauka a Eldoret, babban birnin yankin, bayan tafiyar kilomita 300 da ɗoriya. Daga nan sai ya shiga ƙaramar motar haya da mutanen ƙasar ke kira matatu, ya yi wajen kilomita 35 gabas maso arewa, tsakanin gonakin masara da na alkama da garkunan shanun madara. Tun kafin a iso, ido zai lura da wata siririyar hanya ta jar ƙasa da ke bin gefen kwalta. Sawun ƴan gudu ne ya daddale ta. A ƙofar gari an gitta wani jan baka na ƙarfe bisa titi, an rubuta da Turanci ana yi wa baƙo maraba da zuwa gidan zakaru. Ana cewa sunan garin ya samo asali ne daga kalmomin Turanci biyu masu ma'anar tudu na goma, waɗanda ake dangantawa da Joseph Thomson, Baturen da ya ratsa ƙasar a 1883.

Garin yana zaune ne a tudun mita 2,400 bisa teku. Domin mai karatu ya kwatanta, Yamai ba ta wuce mita 200 da ƴan kai ba, kuma ƙololuwar dutsen Bagzam a ƙasar Ayar, wadda babu wurin da ya fi ta tsawo a duk Nijar, mita 2,022 ce. Wato mai sayar da tumatir a kasuwar Iten tana zaune sama da kan Bagzam da kusan mita 400. A irin wannan tudu iska ba ta da kauri: kowane numfashi yana kawo wa huhu iskar oksijin da ta gaza ta bakin teku da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Baƙo yakan yi haki ko da ɗan hawa ya yi a kwanakin farko. Bayan ƴan makonni jiki yakan ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini, shi ya sa ƴan tseren Turai da na Asiya ke biyan kuɗin jirgi su zo su yi wata guda ko biyu.

Gabas da gari ƙasa ta yanke kamar an sare ta da gatari, ta faɗa wajen mita 1,000 zuwa kwarin kogin Kerio, wani reshe na babbar tsagar nan da ta ratsa gabashin Afirka. Da asuba sanyi yakan sauka kusa da digiri 10, kuma babu watan da ake irin zafin da aka sani a Tawa ko Damagaram cikin Afrilu. Mutanen wurin Keiyo ne, wani reshe na ƙabilar Kalenjin. Abincinsu tuwon masara ne mai tauri da suke kira ugali, da ganye, da wake, da shayi mai madara da sukari, da wani nono mai tsami da ake ajiyewa a gora, sunansa mursik. Da shi ake tarbar zakara a filin jirgi in ya dawo da lambar zinariya.

Ƙafa ta riga takalmi

Tushen sunan Iten wata makarantar kwana ce ta maza, St Patrick, wadda wasu ƴan mishan na ƙasar Irlanda suka buɗe a 1961. A 1976 wani matashinsu mai suna Colm O'Connell ya zo koyar da labarin ƙasa. Bai san komai game da horar da ƴan gudu ba, ya koya ne ta kallon yara. Ta hannunsa Peter Rono ya bi, wanda ya ci zinariyar mita 1,500 a wasannin Olimpik na Seoul a 1988, da Matthew Birir, zakaran gudun tsallake shinge na Barcelona a 1992, da David Rudisha, wanda ya gama mita 800 cikin minti 1 da sakan 40.91 a Landan a 2012. A harabar makarantar akan dasa itace da sunan duk wanda ya yi fice.

Da yawa daga cikin waɗannan yara sun girma ne babu takalmi, suna kiwo, suna tafiya lakwal da ƙafa bisa tudu da gangare. A 2010 wani masani na jami'ar Harvard, Daniel Lieberman, ya buga binciken da ya yi a wannan yanki, inda ya nuna cewa wanda ya saba gudu ba takalmi ya fi sauka bisa gaban tafin ƙafa ko tsakiyarsa, alhali wanda ya girma cikin takalmi mai kaurin dunduniya ya fi sauka bisa diddige. Faith Kipyegon, wadda ta ci zinariyar mita 1,500 sau uku a jere, a Rio da Tokyo da Paris, da ƙafa tsirara ta lashe gasar duniya ta matasa ta gudun daji a 2011.

Kada dai a ɗauka mutanen Iten na ƙyamar takalmi. Duk wanda ya sami halin saye yakan saya, domin tsakuwa ba ta san zakara ba. Ko Abebe Bikila na Habasha, wanda duniya ta sani da cin gudun Roma na 1960 ba takalmi cikin awa 2 da minti 15 da sakan 16, da takalmi ya sake ci a Tokyo a 1964, ya kuma rage minti 3. Abin lura shi ne jerin abubuwan: ƙafa ce ta fara ƙarfi cikin shekaru goma ko fiye, daga baya takalmi ya zo ya tarar da ita.

Mako guda bisa jar ƙasa

Ranar ɗan tsere tana farawa kafin ƙarfe 6 na safe. Cikin duhu da sanyi ake taruwa ƙungiya ƙungiya a mararrabar hanya, babu takardar shiga, babu kiran suna; wanda ya zo ya bi sahu. Abin da ke ba baƙo mamaki shi ne farawar: mutanen da ke iya cin kilomita guda cikin minti 3 sai su tashi da ƴar sassarfa wadda ko dattijo zai iya bi, sai jiki ya yi ɗumi sannan a ƙara wuta. Sannu ba ta hana zuwa.

Kowace rana da aikinta. Talata ta filin tsere ce, ana zagayen mita 400 ko 1,000 ana maimaitawa. Shekaru da dama filin Kamariny, na jar ƙasa, a bakin gaɓar kwari, shi ne matattara. Da aka rufe shi domin gyara sai jama'a suka karkata zuwa Tambach da Eldoret. Akwai kuma filin roba da aka buɗe a 2014 albarkacin Lornah Kiplagat, ƴar ƙasar da ta yi wa Holanda gudu, wadda ta kafa masaukin ƴan wasa a garin tun 1999. Alhamis ranar fartlek ce, kalmar mutanen Suwidin mai nufin wasa da sauri: a yi minti ɗaya ko biyu ko uku ana gudu iya ƙarfi, a yi minti ɗaya ana sassarfa, a sake, har wajen minti 50. Mutum ɗari ko ɗari biyu sukan tashi tare, ƙura ta turnuƙe. Asabar ta doguwar tafiya ce, kilomita 30 zuwa 40. Lahadi a tafi coci a huta. In aka haɗa lissafi, mai shirin gudun yada ƙanin wani yakan ci kilomita 160 zuwa 200 a mako, wani ma ya zarce.

Mafi yawan wannan tafiya bisa hanyar burji ake yin ta, domin ta fi kwalta sauƙi ga gwiwa da ƙashin ƙauri. Da rani ƙura ce, da damina kuwa jan taɓo ne mai maƙalewa a tafin takalmi har ya ninka nauyinsa. Hanya ce ke zaɓa wa mai gudu takalmi. Wanda yake da hali yana da mai kaurin soso na yau da kullum, da marar nauyi na ranar Alhamis, da mai ƙusoshi na filin tsere, da na gasa wanda ke kwance cikin kwali sai ranar da za a fita ƙasar waje. Wanda ba shi da hali ƙafa ɗaya gare shi, ita ce ta Talata, ita ce ta Asabar.

Lissafin ɗan kasuwa

A nan ne maganar ta koma ta kuɗi. Masu ƙera takalma da likitocin ƴan wasa sun fi cewa takalmin gudu yana aiki ne tsakanin kilomita 500 da 800. Bayan haka soson da ke tsakanin tafi da ƙasa yakan mutu, ko da saman takalmin yana nan kamar sabo. Ga mai cin kilomita 200 a mako, wata guda ke nan. A shekara yana bukatar ƙafa goma sha biyu. Wanda ya sa hannu a yarjejeniya da wani babban kamfani kwali kwali ake aiko masa. Amma irin waɗannan ƙalilan ne. Mafi yawan matasan da ke cika hanyoyin Iten da asuba ba su da manaja, ba su da albashi. Ƴan uwa ne ke turo musu buhun masara, suna zaune biyu ko uku a ɗakin haya, suna jiran ranar da wani zai lura da su.

Su kasuwarsu ita ce mitumba, kalmar Swahili mai nufin dila, wato gwanjo. Irin dilar nan ce ta tsofaffin kayan Turai da Amurka da ƴan kasuwar Maraɗi suka sani sarai. A Eldoret da Iten akan baje takalman a ƙasa bisa leda, kuma kallon ɗan tsere yana zaɓe darasi ne. Ba ya fara duba launi ko tambari. Yakan kifa takalmin ya ga inda robar ƙasa ta cinye. Ya danna soson da babban yatsa ya ji ko yana dawowa. Ya duba gefe ko ya yi tamoji kamar fuskar tsoho. Ya murɗa shi kamar mai matse wanki. Ya ajiye shi a wuri mai shafe ya ga ko ya karkata gefe guda. Wanda ya karkata, tsohon mai shi ya riga ya koya masa tafiyarsa, zai kuma koya wa gwiwar sabon mai shi.

Akwai wata hanyar samu. Zakaran da kamfani ke ba kaya yakan miƙa wa abokan atisayensa waɗanda ya ɗan taka, baƙi kuma sukan bar nasu ranar komawa gida. Takalmi guda yana iya ratsa ƙafa uku kafin ya mutu, masu gyara a bakin titi suna ɗinke shi suna liƙe shi. Bayan atisaye akan wanke shi da buroshi a jingine a bango, domin wanda ya san wahalar samun abu ba ya wulaƙanta shi.

Wani abin takaici ga ƴan Kenya shi ne, ƙasar da ta fi kowa tallata takalman gudu da ƙafafun ƴaƴanta ta daɗe ba ta ƙera ko ɗaya. Sai a 2016 wata mata, Navalayo Osembo, da abokin aikinta Weldon Kennedy suka tara jari ta intanet domin kamfaninsu mai suna Enda, wato tafi da harshen Swahili. Takalminsu na farko Iten suka sa masa suna.

Soso da faifan kabon

Har zuwa 2016 ƙa'idar takalmin gasa a bayyane take: ya zama siriri, marar nauyi, domin an auna cewa kowane giram 100 da aka ƙara wa takalmi yana ƙara wa mai gudu wajen kashi 1 cikin 100 na ƙarfin da yake kashewa. A 2017 kamfanin Nike ya fito da Vaporfly, mai kaurin tafi amma ba nauyi, an yi shi da wani sabon soso mai mayar da ƙarfin taku, an kuma cusa wani siririn faifai mai tauri na kabon a tsakiya. Wani bincike na jami'ar Colorado a Amurka, wanda kamfanin ne ya biya kuɗinsa, ya gwada mutum 18 ya sami ragin ƙarfin da ake kashewa na kashi 4 cikin 100. Farashinsa a 2017 dalar Amurka 250 ne.

Ran 12 ga Oktoba 2019, a birnin Biyena na ƙasar Ostiriya, Eliud Kipchoge, wanda ke atisaye a Kaptagat, kudu da Iten, ya gama kilomita 42 da mita 195 cikin awa 1 da minti 59 da sakan 40, sanye da ƙanen wannan takalmi. Ba a lissafa shi cikin bajintar gasa ba, domin an shirya masa masu ja gaba suna karɓeɓeniya. Gardama ta yi zafi, har a watan Janairu 2020 hukumar wasannin guje guje ta duniya ta kafa doka: kaurin tafin takalmin gasar titi kada ya wuce milimita 40, faifai mai tauri kuma kada ya wuce ɗaya. Sauran kamfanoni suka bi sahu. A watan Satumba 2023 Tigist Assefa ta Habasha ta yi awa 2 da minti 11 da sakan 53 a Berlin da wani takalmin Adidas mai nauyin giram 138, wanda aka sa wa farashin dala 500, aka kuma ƙera shi domin gasa guda. Wajen jikka 300 na sefa ke nan, kimanin albashin wata bakwai na mai karɓar mafi ƙarancin albashi a Nijar, wanda aka mayar jikka 42 a 2024. Bayan mako biyu Kelvin Kiptum, ɗan wannan gunduma ta Elgeyo-Marakwet, ya yi awa 2 da sakan 35 a Shikago. Ya rasu cikin haɗarin mota kusa da Kaptagat a watan Fabrairu 2024, yana da shekara 24.

Ga ɗan Iten wannan ba maganar ado ba ce. Kashi 1 cikin 100 na gudun awa 2 da minti 5 sakan 75 ne, kuma sakan 75 sun isa su raba na ɗaya da na shida, su raba mai komawa da dala 150,000 na gasar Boston da mai komawa da kuɗin jirgi. Yaron da ya zo gasar gwaji da takalmin gwanjo yana karawa ne da wanda aka riga aka ba ratar mita ɗaruruwa. Shi ya sa ake aro, ake sayen na hannu, ake kuma faɗawa hannun masu jabu, wanda kamanninsa ɗaya da na gaske amma soson ciki na silifa ne.

Duk da haka takalmin yana da iyaka. Wani gwaji da aka buga a 2023 kan manyan ƴan tseren Kenya ya nuna wasu sun ƙaru ƙwarai, wasu kuwa rage musu ya yi. Likitoci sun ba da rahoton tsagewar ƙashin tsakiyar ƙafa ga wasu masu yawan sa shi. A watan Yuni 2025 a Paris, an haɗa wa Faith Kipyegon takalmi da riga na musamman da masu tare mata iska domin ta ci mil guda ƙasa da minti 4. Ta gama cikin minti 4 da sakan 6.

Agogo da taurari

Shekaru da dama agogon Iten shi ne ɗan ƙaramin na roba mai ƙidayar sakan. Ranar Alhamis, in minti ya cika, sai a ji ƙararsu ta tashi lokaci guda cikin taro, wanda ba shi da shi kuma ya bi na kusa. A 2003 kamfanin Garmin ya fito da Forerunner, agogon masu gudu mai aiki da GPS, kuma a yau irinsa, na wannan kamfani da na wasu, ya cika wuyan hannuwa a garin, sabo da na hannu da na kyauta.

Aikinsa ba sihiri ba ne. Taurarin ɗan Adam na sojan Amurka, waɗanda ke shawagi a nisan kilomita 20,200, kowanne yana aiko da saƙon lokaci da wurin da yake. Agogon saurare kawai yake yi. In ya ji aƙalla huɗu, sai ya auna jinkirin isowar kowane saƙo ya gane inda yake. Tun watan Mayu 2000, da Amurka ta daina gurɓata saƙon da gangan, kuskuren ya dawo ƴan mitoci. Agogunan yanzu suna sauraren taurarin Turai da na Rasha da na Sin a haɗe. Daga ɗigo zuwa ɗigo agogon ke zana layi, ya fitar da nisa da sauri.

A nan rauninsa yake. Ƙarƙashin dogayen itatuwan dajin Kaptagat, ko tsakanin benaye, ko a lanƙwasar filin mita 400, ɗigon yakan kauce, lissafi ya ƙaru ko ya ragu. Hanyar gasa da keke mai na'urar ƙidaya ake auna ta, bisa layi mafi gajarta, shi ya sa agogo yakan nuna wa mai gudu ya zarce kilomita 42 da mita 195 da wasu ɗaruruwan mitoci. Tiya ce mai kyau, amma ba ita ce sikelin hukuma ba. Haka ma koren hasken da ke auna bugun zuciya a wuyan hannu: in maɗauri ya yi sako sako ko ana sanyi yakan ruɗe, ɗamarar ƙirji ta fi shi gaskiya.

Amfaninsa a fili yake: mai horarwa da ke Italiya ko Holanda yana ganin atisayen safe a wayarsa kafin ɗan tseren ya gama shan shayi. Amma masu horarwa na Iten sun fi son yaro ya san jikinsa, domin minti 4 a kilomita bisa hawa cikin taɓo ba ɗaya ba ne da minti 4 bisa kwalta. Kipchoge, da duk na'urorin da ke hannunsa, an san shi da rubuta atisayen kowace rana da biro cikin littafi.

Akwai kuma abin da ma'aikacin hukuma ya kamata ya sani. Agogon yana tura sawun mai shi zuwa intanet in an haɗa shi da waya. A watan Janairu 2018 aka gano cewa taswirar da kamfanin Strava ya wallafa ta sawun masu gudu ta tona wuraren sansanonin soja a ƙasashe da dama, har da yankin Sahel. A 2024 jaridar Le Monde ta bi sawun masu tsaron shugaban Faransa ta wannan hanya. Wanda ya fara gudu daga ƙofar gidansa kullum ƙarfe 6, ya bar shafinsa a buɗe, ya sanar da duniya adireshinsa da lokacin da ba ya gida.

Abin da za a ɗauko daga Iten

Ma'aikacin da ke zagaya filin wasa na Seyni Kountché da yamma, ko ɗan kasuwar Maraɗi da awon suga ya tsorata, ba sakan 75 yake nema ba. Hukumar lafiya ta duniya minti 150 na motsa jiki matsakaici ta shawarta a mako, wato rabin awa sau biyar. Mai wannan buri faifan kabon ba zai ƙara masa komai ba sai tsada da saurin lalacewa. Abin da yake bukata takalmi ne na yau da kullum mai daɗin sawa tun a shago. Wanda ya matse ranar saye ba zai saki ba sai ya ci farce.

A gwada shi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da irin safar da za a yi gudu da ita, ƙafa biyu duka, a bar faɗin babban yatsan hannu tsakanin dogon yatsan ƙafa da bakin takalmi. A yi la'akari da hanya: saman raga mai manyan ƙofofi yana shan iska amma yana kwasar rairayi, tafi mai laushi ƙwarai tsidau na huda shi, safa mai gashi kuma ƙarangiya take tarawa. In gwanjo ne, a yi masa binciken ƴan Iten. In sabo ne da araha mai ban mamaki, a tuna araha ba ta ado. Mai hali ya sayi ƙafa biyu iri daban yana musanyawa. Wani bincike na ƙasar Luksambur kan masu gudu 264 ya sami ragin rauni na kashi 39 cikin 100 ga masu yin haka. Kada a shanya takalmi bisa kwano ko a bar shi cikin mota da rana, domin zafi yana kashe soso yana sakin gam.

Agogo kuwa shi ne na ƙarshe a jeri. Wayar da ke aljihu tana da GPS, ƙaramin agogon jikka biyu ko uku kuma ya isa ƙidayar rabin awa. Wanda ya yi wata shida bai fasa fita ba, yana kuma son sanin nisa, to ya duba abu huɗu: daɗewar batir, fuskar da ake iya karantawa cikin rana, maɓallan dannawa domin gilashin shafawa ba ya jin yatsa mai gumi, da igiyar caji, wadda sau da yawa ta kamfanin ce kaɗai, in ta ɓata agogo ya zama munduwa. Wanda ya haura shekara 40, ko yake da hawan jini, ya fara ganin likita kafin mai shago, ya kuma bar gudun tsakar rana cikin bazara.

Saura abu guda wanda ba a sayarwa, shi ne kuma ainihin dukiyar Iten: abokan tafiya. Babu agogon da ke tayar da mutum cikin sanyin hunturu kamar sanin cewa mutum huɗu suna tsaye a mararraba suna jiransa. Ma'aikatan ofishi guda, ko ƴan layi guda a kasuwa, suna iya sa rana uku a mako su fara da sassarfa, a tafi da saurin wanda ya fi kowa nauyi. Kuɗin da ya rage daga na takalmin gasa ya isa a saya wa mutum biyar takalmin yau da kullum.